Shekarar Rumbun Leda

Kun taso kun ji ana kirana Gara. A bakin rijiya Gara, a gidan biki Gara, har jikokina da ba su san abin da gara take ci ba suna cewa za su gidan Inna Gara. Ban taɓa hana kowa ba, ban kuma taɓa faɗa muku dalili ba, sai kuka ɗauki na bakin gari, wai uwarku ta cinye rumbun ubanku kaf ta cika shi da shara. To, yanzu babanku ya riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansa, ƙaninsa Idi kuma kunnensa ya yi nauyi, don haka zan faɗi yadda aka yi. Wanda ya ga dama ya ci gaba da kirana Gara, na saba, amma ya kira yana sane da abin da yake kira.

Rumbu biyu ne a gidanmu, kun san su. Ƙaramin na kara, babban kuma na ƙasa wanda kakanku ya gina, mai baki a sama da jinka a kai, sai an kafa tsani ake shiga. A ƙauyenmu, da duk ƙasar Kiyeshe yadda na san ta, mace ba ta leƙa rumbun mijinta. Shi zai hau ya ɗebo ya miƙo miki, ke ki daka. Ko saura kwano ɗaya ne a ciki, ko ya cika har baki, ba ruwanki, kuma matar da aka kama tana leƙe ta ja wa kanta abin faɗi har 'ya'yanta su yi aure. Babanku ya fi kowa riƙe wannan al'ada, domin da babban rumbun nan yake taƙama. A majalisa, idan gardama ta yi zafi, sai ya gyara hula ya ce rumbun ubansa bai taɓa nuna gindinsa ba. Akwai kuma abin da ya fi taƙama nauyi. Gonar gado tasu ce su biyu da Idi, shi kuwa Idi ya koma Dogon Dutsi ya buɗe kanti, ya daɗe yana cewa gonar ta mutu, a sayar wa wani mai son gini tunda tana bakin hanya, yayansa ya zo birni ya riƙa tsare masa kanti. Babanku ya ce muddin gonar tana cika babban rumbu ba mai taɓa ta. Idi ya yarda da haka a gaban dattawa, ya zauna yana jira.

Shekarar da nake faɗa, ruwa ya yi jinkiri, da ya zo kuma ya ɗauke hatsi yana fitar da kai. Gonar ma da nata ciwon. Kowane rani babanku yakan ɗebo juji daga Dutsi a amalanke ya zuba mata a matsayin taki, yadda ubansa ya yi, sai dai jujin zamanin ubansa toka ne da kashin dabbobi, na zamaninmu kuwa rabinsa baƙar leda ce. Ka sa hauya ka ji ta naɗe, ka tuge hatsi ka ga saiwarsa ta nannaɗe a cikin leda ta rasa inda za ta bi. Abin da aka girbe ƙaramin rumbu ma bai cika ba. Babanku ya hau babban ya gyara masa jinka da kyau, ya sauko yana kaɗe hannu, ya ce na bara yana nan ba a taɓa ba.

Ban leƙa ba, amma ban kasance makauniya ba. Kaji suka daina kwanciya a gindin rumbun. Ɓeran da ya shekara a can ya tattara iyalinsa ya dawo ɗakina. Idan jakinmu ya goga bayansa a jikin rumbun, sai ka ji yana amsawa kamar ganga. Da ƙaramin ya ƙare, sai babanku ya fara zuwa kasuwannin da ba a san shi ba, ya dawo da amalanke cike da harawa, hatsin da ya sayo yana ɓoye a ƙarƙashinta, ya kafa tsani ya ce zai duba jinka. Washegari ya hau ya sauko da hatsi ya miƙo mini da hannu biyu, fuska a ɗaure. Babbar rigarsa ta salla ta ɓace, ya ce aro ya bayar. Rediyonsa ya bi ta, ya ce yana wurin gyara. Ranar da ɗan jakinmu ya tafi aro shi ma, na shiga ɗaki na yi kuka, domin na san abin da ya saura a sayar bai fi amalanken ba, kuma ba ni da bakin cewa komai.

A wannan ranin ne akuyata ta daina cin abinci, cikinta ya kumbura, ta rame har aka yanka ta kafin ta mutu. Mahauci ya farke tumbi ya ciro dunƙulen leda mai girman ƙwarya, ya ɗaga yana nuna wa mutane kamar shi ya ƙera. Tani, ƙawata tun muna 'yan mata, bazawara mai baki, ta tsaya tana kallo, ita ma tata akuyar haka ta tafi. Kafin mako ya zagayo ta tara mata a ƙarƙashin gawo, ta ce ta ga abin da matan wata unguwa suke yi a Dutsi. A tsince leda daga juji kafin ya tafi gona, a wanke mai kyau a yanka a tufka igiya, wadda ta rududduge kuma a kai wa samarin da ke narka ta da yashi suna yin bulon daɓe. Takin da aka tace a zuba a rami a yayyafa ruwa ya ruɓe. Maza suka ce taki na mai juji ne tun kaka da kakanni. Tani ta ce to mai juji ya zo ya tsince da kansa. Ba wanda ya zo, sai aka tsaya a kan cewa duk hannun da ya tsince yana da rabo, ko ba shi da juji, ko ba shi da akuya. Na shiga tun ranar farko.

Babanku ya fi kowa jin haushi, kuma ban ga laifinsa ba. Sana'arsa ta rani tufkar igiyar kaba ce, shi da tsofaffin majalisarsu, ga goriba ta yi wuya har sai sun yi nisa kafin su sami kaba, ga shi yanzu mata za su cika kasuwa da igiya mai araha. Ya same ni ina wanke hannu, ya tsaya a kaina.

"Kuluwa, igiyar shara kunka koma yi?"

"Ita munka samu, Malam."

"To ki ji da kyau. Ledag ga ba ta kwana gidana. Ko guda na gani, ke da ita kuna hita."

Na ce to. Ya fita majalisa ya maimaita wa duniya, har da rantsuwar da ba wanda ya nema.

Matsalarmu wurin ajiya ce. Mun wanke leda mun shanya, iskar bazara ta taso ta kwashe ta mayar kan ƙayoyin da muka tsinto ta, awaki suka bi da gudu suna murna. Tani ta ce kowa ta tafi da rabonta gida ta ɓoye. Na zauna da ƙunshina na yi tunani. A gidanmu kaf wuri ɗaya ne babanku ba zai iya yin magana a kansa ba. Idan ya ce wa ya sa leda a rumbuna, ya yarda kenan na ga abin da ke ciki. Ranar da ya tafi yankan kaba, na kafa tsani na hau, ni da tun da aka kawo ni gidan ban taɓa taka shi ba. Na ɗaga jinka na leƙa. Ba komai sai ɗan hatsin da ya sayo a gefe guda, da ƙwarya ɗaya ta iri an ɗaure bakinta da tsumma, da sharar da aka yi tsaf, har da alamar tsintsiya. Wannan sharar ta fi komai taɓa mini zuciya, mutum yana share rumbun da babu komai a ciki. Na jefa ledata da 'yan igiyoyin da na tufka, na mayar da jinka na sauko.

Washegari ya hau. Na zauna ina tsince wake ina kallonsa ta gefen ido. Ya ɗaga jinka, ya tsaya cak, ya daɗe a haka. Ya juyo ya dube ni, na dubi wake. Sai ya shiga, ya fito da hatsin ranar ya miƙo mini.

"Lahiya, Malam? Na ga ka daɗe."

"Lahiya lau. Hatsi na ya yi yawa, sai an tona."

"Allah shi ƙara albarka."

"Amin," in ji shi, kamar mai haɗiye magani.

Igiyata ta farko, in faɗi gaskiya, ko kaza ba za ta ɗaure ba. Ka ja nan ta warware can. Bayan 'yan kwanaki na hau in ɗauko su in kai wa Tani, sai na tarar an warware su duka an sake tufkawa, siririya, a matse, kai ɗaya daga farko har ƙarshe, an naɗe kowace an jera a gefe. Babanku zai iya jure yunwa, zai iya jure rashin riga, amma ba zai iya zama kusa da mummunar tufka ya ƙyale ta ba. Tani ta kai Dutsi, igiyoyin suka ƙare kafin a gama shimfiɗa, domin ruwa ba ya ruɓar da su, masu guga da masu dabaibayi suka yi ta tambaya. Rabona da aka juya ya zama hatsi ban kai shi madafa ba. Na jira ya fita, na hau na ajiye a rumbu. Da safe ya hau ya ɗebo ya miƙo mini da hannu biyu, fuska a ɗaure, ya ce in riƙa tattali. Na ce in sha Allahu.

Haka muka zauna har damina ta kusa. Ni in zuba leda, shi ya shiga ya tufka, ni in kwashe igiya, in mayar da hatsi, shi ya fito da shi ya ba ni. Ba mu taɓa cewa uffan ba. A majalisa kuwa bai fasa zagin igiyar shara ba, har wata rana aka miƙa masa wadda ya tufka da hannunsa, ya jujjuya ta ya ce ba laifi, amma mai ita bai san Allah ba. Zamansa a rumbu ya yi ta tsawo. Yakan shiga da hantsi, ya karkata jinka don iska, sai azahar ya fito jiƙe da gumi. Maƙwabta suka ce Malam ya tara hatsi har lissafinsa yana cin wuni. Mata kuma suka dame ni in koya musu tufkata. Na zauna a gabansu na gwada, ta fito kamar hanjin akuya. Suka dubi wadda na kawo jiya, suka dubi ta yau, suka dubi juna.

Daga nan magana ta tashi. Wata ta ce ta wuce bayan danganmu da rana tsaka ta ji rumbu yana kacau-kacau, wani abu kuma yana gunaguni a ciki. Wata ta tuno cewa kakata 'yar Lugu ce, garin da ya yi suna da bori. Kafin a ce me, an gama, wai doguwa ce ta tare a rumbun tana yi mini tufka, har wata tsohuwa ta aiko da farar kaza in miƙa mata gaisuwa. Kazar na karɓa, ban ga dalilin mayar da alheri ba. Labari ya hau mota ya isa Dutsi. Idi, tun da ya ajiye gemu ya ɗage wando ya daina wasan ƙanin miji da ni, ni dai ban daina ba, kuma mutum ne mai tsoron Allah da gaske, ba ya son a jingina gidan ubansa da iskoki. Sai ga shi wata rana kafin azahar da abokansa 'yan kasuwa, rabin gari yana biye da su. Babanku kuwa yana cikin rumbu.

"Ina Yaya?"

"Ya hita, mijina na biyu. In kawo maka ruwa?"

"Kuluwa, bar wasa. An ce iskoki na cikin rumbun babanmu. Yau kowa shi gani da idonai babu komi sai hatsi, a bar wagga magana."

Na tsaya a gindin tsani na ce rumbun yayansa ba a buɗewa ba ya nan. Ya ce rumbun ubansa ne shi ma. A daidai lokacin nan ƙura ta shiga hancin doguwa, ta yi atishawa irin wadda duk ƙauyen ya sani, har da alhamdu lillahi a bayanta. Wasu mata suka ja da baya. Idi ya kewaye ni ya hau, ya ɗage jinka ya leƙa. Daga baya ya faɗa wa mutane abin da ya gani: yayansa zaune cikin leda har ƙugu, ba riga, igiya maƙale a babban yatsan ƙafarsa, wata leda kuma ta manne masa a ƙeya. Na ji muryar Idi ta sauya, ta yi ƙasa.

"Yaya, ina hatsin?"

Ba amsa daga ciki. Na san idan shirun nan ya ƙara tsawo gona ta tafi, kuma mutumin da ke ciki ba zai sake ɗaga kai a majalisa ba, a kan benci zai ƙare a ƙofar kantin ƙaninsa. Ban shirya komai ba, bakina ne ya riga ni.

"Ni na kwashe shi. Cike yake har baki, ni nid dinga hawa ina ɗiba ina saidawa, don in samu wurin aje ledata."

"Rumbu guda? Mi kinka yi da shi?"

"Na ci. Na sai tsire, na sai turare, na yi biki. Yau yag gane, shi na ya shiga shi ga ɓarnar da idonai."

"To igiyag ga da ke ƙahwatai hwa?"

"Ni za shi ɗaurewa."

Wani ya fashe da dariya, aka harare shi. Idi ya sake leƙawa yana jiran yayansa ya gaskata ko ya ƙaryata. Sai muryar babanku ta fito daga rumbu.

"Idi, sabka. Wagga magana ta miji da mata ta."

Na nemi gafarar Allah a kan ƙaryar nan, kuma na biya kuɗinta a duniya. Kafin la'asar an sa mini Gara. Idi ya ce lalle a mayar da ni gidanmu in yi hankali, na naɗe tabarmata na tafi, mata suna leƙe ta kan danga. Uwata ta ƙi yi mini magana, ta ɗaure bakin buhunta na hatsi a gabana da ƙulli biyu. Wannan ya yi mini zafi, kuma har ta rasu ban warware mata ba. Babanku ya zo biko da wuri har abin ya ba mutane kunya, ya ce ba yafewa ya yi ba, ba mai daka ne a gidan. Shekaru bayan haka, ko a gidan suna ba a barina kusa da tukunya ni kaɗai. Shi kuwa Idi, tunda a ganinsa gona ta cika rumbu mace ce ta cinye, bai sami hujjar sayarwa ba. Har buhun hatsi ya aiko don tausayin yayansa da Allah ya haɗa da gara, ya ce kada a nuna mini inda aka ajiye.

Washegarin dawowata babanku ya ɗauki ƙunshin leda a ka, rana tsaka, ya kai majalisa ya zube. Ya ce tunda matarsa ta mayar da hatsinsa shara, shi kuma sai ya mayar da shararta hatsi, wanda yake da magana ya faɗa. Tsofaffin da suka gaji da neman kaba suka matso ɗaya bayan ɗaya suna cewa su dai kallo suke yi. Da shi Tani ta yi ciniki, suka kwashe wuni suna musu, aka tsaya a kan mata su tsince su wanke, tsofaffi su tufka, a raba abin da aka samu, kuma igiyar kaba a bar ta da kasuwarta ga mai son ta. Takin ramin da ya zama rabona ya tafi gonar gado, baƙi wuluk, ba leda ko guda. Ba a shekara ɗaya gonar ta farfaɗo ba, kada wani ya ce muku haka. Sai da muka ƙara cin wuya, sai kaka ta uku aka ga abin kirki.

A wannan kakar, da aka gama zuba dami, ina tsakar gida ina tankaɗe, ya kira ni. Ya kafa tsani a jikin babban rumbu ya riƙe shi da hannu biyu. Ƙofar gida a buɗe take, masu wucewa suna gani, bai ce a rufe ba.

"Kuluwa, hau ki diba."

"Haba Malam. Ni da ban taɓa leƙa rumbun namiji ba?"

"Hau dai. Tsanin ya san ƙahwarki."

Na hau. Zangarniya har baki, ƙamshinta ya bugo ni, na tsaya a can sama ina share ido da gefen zane, ban iya sauka da wuri ba. Shi ma bai ce in sauko ba. Yana ƙasa riƙe da tsanin, yana kallon wani wuri dabam, ya ce in yi a hankali, kada in cinye wannan ma.